Dattijon da Ya Juya wa Fatahu Baya

Akwai wani mutum a Arlit mai suna Fatahu, ɗan Damagaram, wanda aikin ma'adinai ya kai arewa. A shekarun nan ne da kasuwar uraniyom ta faɗi, kamfani yana ta sallamar mutane. Fari ya cinye dabbobin mazauna duwatsu, tawaye kuma ya sa hanya ba ta biyuwa sai da rakiyar soja.

Fatahu ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ciwonsa ɗaya ne: na sani. Tun da aka ba shi shugabancin wani ɗan rukunin ma'aikata, ba a gama faɗa masa magana sai ya ce ya gane.

Matarsa Mina Ba'abziniya ce. Kawunta ne ya ɗaura musu aure a Arlit, domin mahaifinta, Amumun, mai lambu ne a can cikin duwatsu, hanya kuma a rufe take. Har suka haifi ɗansu Sidi, Fatahu bai taɓa sa surukinsa a ido ba. Abin da ya iso kunnensa kawai shi ne, da aka kai wa tsohon labarin auren bai ce to ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "Sai na ga mutumin."

Wannan magana ta tsaya wa Fatahu a rai. Yana son matarsa, kuma ya san zuciyarta ba za ta kwanta ba sai mahaifinta ya sa albarka.

Da bazara ta kama, ƙungiyar ma'aikata ta shirya kai iyalai Agadas kallon bikin Biyanu, a ga tsohon gari da masallacin nan mai doguwar hasumiya, yara su sha iska. An samu manyan motoci biyu, irin waɗanda ake ce wa kar, ɗaya ta mata da yara, ɗaya ta maza. Kowa yana raɗe-raɗin cewa daga wannan kamfani ba zai ƙara ba da mota ba.

Mina ta aika wa mahaifinta saƙo ta hannun masu kawo albasa. Amsa ta dawo cewa zai sauko daga duwatsu, ya jira su a gindin wata aduwa, inda hanyar dutse ta haɗu da kwalta. A motar maza aka samu kujera ɗaya da za a ajiye masa.

Da safen tafiya Mina ta ce, "Baban Sidi, tsaya in faɗa maka yadda mutanenmu suke yi da suruki. Idan ka je wurinsa..."

Fatahu ya katse ta. "Ni za a koya wa gaida suruki? A Damagaram aka haife ni fa. Ladabi a gidanmu ya kwana."

"To, ai ko kamanninsa ka bari in..."

"Dattijon arziki ba ya ɓuya. Shiga mota, ana jiranki."

Ta gyara goyonta, ta shiga.

Ayarin motoci ya tashi, motar soja a gaba, motar mata a bayanta, sauran suna biye. Sojoji sun ce babu tsayawa. Da ƙyar suka yarda motar maza ta ɗan dakata a gindin aduwar, ta ɗauki mutum ɗaya ta wuce.

Da suka iso, Fatahu ya yi tsalle ya sauka. Sai ya tarar da dattawa biyu, ba ɗaya ba. Dukansu sun ja amawali sun rufe fuska, ido kawai ake gani, kamar yadda mazan Abzinawa suke yi. Ɗaya yana sanye da rawanin turkuɗi mai ƙyalli da sababbin takalma. Ɗayan kuwa rawaninsa ya koɗe, rigarsa duk faci, yana rungume da wata jakar fata.

Fatahu ya fara tambayar mai koɗaɗɗen rawani, don a fita hakki. "Kai, tsoho, kai ne baban Mina?"

Tsohon ya ƙara jan amawalinsa sama har kusa da ido, ya juya masa baya, bai ce uffan ba.

"Ikon Allah! Ana yi maka magana kana juya wa mutane ƙeya?" in ji Fatahu. Ya juya wurin mai turkuɗi, ya durƙusa har ƙasa. "Baba, barka da hanya. Kai ne baban Mina?"

Dattijon ya ce, "Mina? I, ina da Mina."

Shi ke nan, Fatahu ya gane. Ya kama hannunsa, ya taimaka masa ya hau, ya shimfiɗa masa dardumarsa a kan kujera. Direba yana ta danna ƙaho.

Yana shirin rufe ƙofa, sai ga ɗaya tsohon ya matso ya sa ƙafa a matakala. Fatahu ya sa hannu ya ture shi baya. "Malam, babu wuri! Wannan motar ma'aikata ce, ba ta kowa da kowa ba. Nemi kamyo mai ɗaukar albasa."

Tsohon ya yi taga-taga, ya tsaya. Har yanzu bai yi magana ba. Sai ya miƙo jakar fatar nan ta taga, fuskarsa tana kallon wani gefe. Fatahu ya ce a ransa, ashe baran Baba ne, kayansa ya riƙe masa. Ya karɓa, ko sannu babu, mota ta tashi.

A hanya Fatahu ya buɗe hidima. Ya fito da gasasshen nama, ya fito da burodi da ruwan sanyi. Dattijon ya sassauta amawali ya ci ya ƙoshi, har yana neman ƙari. Wasu Abzinawa biyu da ke kujerar baya suka dubi juna, ɗaya ya buɗe baki zai yi magana, Fatahu ya harare shi don kada a dami baƙonsa.

"Baba, Mina tana ta ɗokin ganinka."

"Mina? Ai jiya na bar shi gida."

Fatahu ya ce a ransa, tsufa ne. "Jikanka ma ya fara tafiya."

"Jika? Wane jika?"

"Sidi mana, ɗan Mina."

Dattijon ya daina tauna, ya daɗe yana kallonsa. "Mina ya haihu?"

"Tun bara, Baba."

"To," in ji dattijon a hankali. "Allah mai iko." Ya ɗauki wata tsokar.

Haka suka yi ta yi har Agadas. Fatahu yana tambayar lambu, dattijon yana ba shi labarin raƙuma. Kowannensu yana tausaya wa ɗan'uwansa a zuci, yana ganin zafin rana ne ya taɓa shi.

Sun shiga gari ana ta kiɗan Biyanu, samari sun ɗaura ganyen kaba a kan rawuna suna rawa a tituna. Motoci suka tsaya kusa da babban masallaci. Fatahu ya sauko da baƙonsa yana riƙe da hannunsa, jaka a kafaɗa, yana tafe yana ƙasaita.

"Mina! Ga Baba na kawo miki lafiya lau."

Mina ta taho da sauri da Sidi a baya. Ta dubi dattijon daga ido zuwa ƙafa, ta tsaya cik. Ta gaishe shi da Tamajak, yaren Abzinawa, cikin ladabi, ya amsa. Sannan ta juyo.

"Baban Sidi, wane ne wannan?"

"Kamar yaya wane ne? Babanki mana!"

"Ban taɓa ganinsa ba."

Fatahu ya dubi dattijon. "Baba, ba ka ce kana da Mina ba?"

"Ina da shi, ɗana ne namiji. Yana gida yana kiwon awaki, haƙoransa ma ba su gama fitowa ba. Ni sunana Rhissa. Mota nake jira tun jiya, ka zo ka ɗauke ni, ka ba ni nama. Na ce kamfanin nan akwai mutanen kirki."

Mutanen da suka taru suka fashe da dariya. Mina ba ta yi dariya ba, idonta yana kan jakar da ke kafaɗar mijinta. Ta fizge ta, ta shafa ɗinkin bakinta.

"Wannan ɗinkin mahaifiyata ne. Ina ka same ta?"

Ta kwance bakin jakar. Dabino ne a ciki, ƙanana, busassu, irin wanda bishiya take bayarwa a shekarar da ba ta sha ruwa ba. A ƙarƙashinsu akwai ɗan takalmin fata na yaro.

"Ina mai jakar?"

Fatahu ya ce, "Ai... na tambaye shi. Wallahi shi na fara tambaya! Ya ja rawani ya juya mini baya."

Mina ta dafe kai. "Abin da nake son faɗa maka ke nan da safe. A wurinmu suruki ba ya sakin fuska gaban mijin 'yarsa. Ba ya kallonsa ido da ido, ba ya ci ba ya sha a gabansa. Da ya juya maka baya, girmama ka ya yi. Ya gane ka, kai ne ba ka gane shi ba." Ta rungume jakar. "Lambunsa ya bushe, raƙumi babu. Da ƙafa ya sauko daga dutse. Ka bar shi inda babu rijiya, a hanyar da kowa yake tsoro. Ka dai ba shi ruwa?"

Fatahu ya sunkuyar da kai. Bai iya gaya mata cewa har ture shi ya yi ba.

Ta ce, "Ni na tafi gidan innata da ke nan garin in sanar da dangi. Kai ka bar shi, kai za ka nemo shi. Idan wani abu ya sami Baba, kada ka tsaya jirana a motar komawa Arlit."

Fatahu ya ruga shingen soja na bakin gari, ya roƙi a bar shi ya koma. Sojan ya ce babu motar da za ta fita sai ayari na gaba. Amma akwai manyan motocin kaya da suka rage a baya, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya kafin faɗuwar rana, wataƙila wani ya tausaya ya ɗauko shi.

Nan fa wata sabuwar matsala ta taso. Fatahu ya rufe ido yana son tuno kamannin tsohon, ya kasa. Dogo ne ko gajere? Rawanin fari ne da ya yi datti, ko shuɗi ne da ya koɗe? Ashe ko kallon kirki bai yi masa ba.

Ya sayi bido, wato jarka, ya cika da ruwa, ya ari kwano, ya tsaya a rana. Kamyo na farko ya iso, mutane a saman kaya, ƙurar hanya ta mai da su kala ɗaya. Dattawa masu koɗaɗɗen rawani suka sauko, ba ɗaya ba, ba biyu ba, duk fari ya koro su. Wanne ne a ciki? Tambaya ba ta da amfani, tun da wanda yake nema ba zai amsa ba.

Sai ya yi abin da ya rage masa. Duk tsohon da ya sauko, Fatahu ya kama hannunsa, ya durƙusa, ya ce, "Sannu Baba, ka yi haƙuri," ya miƙa masa ruwa. Wasu suka yi mamaki, wasu suka sa masa albarka. Wani ya tambayi soja ko mutumin nan lafiyarsa ƙalau. Wani kuma ya karɓi kwanon, ya juya baya ya sha, ya ajiye a ƙasa ya wuce. Fatahu bai lura ba, hankalinsa yana kan mai saukowa na gaba.

Bido ya ƙare, ya sake cikawa. Gwiwoyin wandonsa suka yi baƙi. Can cikin gari ana ta kiɗa, shi ko hasumiyar da ya zo gani bai ɗaga kai ya kalla ba. Da rana ta yi ja, soja ya ja shinge ya ce babu sauran mota.

Ya kama hanyar gidan innar Mina yana jan ƙafa, yana tunanin da wane baki zai yi bayani. Tsoro da kunya suka cika shi, har hawaye ya zubo masa.

Yana shiga tsakar gida ya ga wani tsoho zaune a tabarma, Sidi a cinyarsa sanye da ɗan takalmin fata. Da tsohon ya ji sallama, ya ja amawali sama ya juya baya.

Wannan karon Fatahu ya gane. Ya zube a ƙasa daga nesa.

Amumun ya yi magana da Tamajak, a hankali, yana fuskantar bango. Mina ta saurara, sannan ta juyo da jajayen idanu.

"Baba ya ce in gaya maka, dā ya ce sai ya ga mutumin. To, yau ya gan ka sau biyu. Da safe ka ture shi ba ka san shi ba. Da yamma ka durƙusa ka ba shi ruwa, nan ma ba ka san shi ba."

Fatahu ya ɗago kai a firgice. Tsohon ya ƙara wata magana, ya tura jakar dabinon baya da hannu ɗaya har ta taɓa gwiwar Fatahu.

"Ya ce Fatahun yamma ne mijin 'yarsa. Na safen kuma, ka bar shi can gindin aduwa, kada ka koma da shi Arlit."

Darasi: Kada ka ware wanda za ka girmama ta kallon rawaninsa, domin ba ka san wanda Allah ya rufe a cikin tsumma ba. Kuma idan na gida ya ce tsaya in faɗa maka, ka tsaya ka ji, "na sani" ba ta taɓa kai kowa gida ba. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai mai shirin ture nasa surukin gobe da safe.