Mutumin da Ya Kashe Jar Fitila

An yi wani mutum a nan Mombasa. Ba zan kama sunansa ba, don mahaifiyarsa tana raye.

Allah ya ba shi basirar aikin kwamfuta. Shi da abokansa suka haɗa wata manhaja wadda masu gina shafukan intanet ke ɗora aikinsu a kanta, kamar yadda ake ɗora gini a kan harsashi. Kyauta suka sake ta, kowa ya ɗauka, kowa ya leƙa cikinta. Amma makullin fitar da sabon zubi a hannunsa yake.

Ya 'yan uwa, ba zan zalunce shi ba, aikin akwai cin rai. Burauza, wato abin da ke buɗe shafi a waya, ba iri ɗaya ba ce. Ka gyara wa wannan, waccan ta karkace. Ka lallaɓa waccan, ta tsofaffin wayoyi ta ƙi motsi. Ƙorafi kuma ya yi ta zuwa daga mutanen da ko sannu ba su taɓa ce masa ba. Shekaru yana wannan facin. Ya gaji.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida. Kafin a saki sabon zubi, na'ura takan gwada shi a kan kowace burauza. Wadda ta yi daidai, fitilarta ta nuna kore. Wadda ta sami matsala, ta nuna ja. Ba a sakin aiki da jar fitila. Duk wanda ya ga kore, ba ya sake bincike. Wannan ita ce amanar da ke tsakaninsu.

Sai aka gayyace shi babban taro a Nairobi, ya nuna sabon zubi a gaban manya. Ya duba, duk fitilu kore, sai guda ɗaya: ta tsofaffin wayoyi.

Abokiyar aikinsa Mwanakombo ta same shi yana shan gahawa. Ita ta gina wa masuntan garin Shimoni shafin da ke gaya musu halin teku, a kan manhajar tasa.

"Malam, ka ga jar fitilar nan kuwa?"

"Ina da ido. Wayoyin zamanin kakanni? Su sayi sababbi mana."

"Da wane kifin? Kawunka Matano ma tsohuwar waya gare shi, har da roba ya ɗaure ta. Da ita yake duba teku kafin ya fita."

"Kawu? Ai shi da hanci yake shinshino iska. Ke dai tsoro ya yi miki yawa, uwar ƙorafi."

"Na ji, ni ce uwar ƙorafi. Ka gyara kafin ka saki. Lokacin kusi ne, iskar nan mai hargitsa teku."

"Zan gyara," in ji shi.

Ya gwada, abin ya ƙi. Ranar tafiya ta matso. To me ya yi, jama'a? Ya faɗa wa mutane gaskiya? Ya ce masu tsohuwar waya su dakata? A'a. Sai ya shiga ya kashe gwajin tsofaffin wayoyi gaba ɗaya. Fitilar da babu ita ba ta nuna ja. Allo ya cika da kore, ya saki aikinsa, ya hau jirgin ƙasa.

Mwanakombo ta ga kore, ta aika masa: "Allah ya yi albarka." Ta ɗora shafin masunta a kan sabon zubin. Shi kuma ya karanta saƙon, ya mayar da wayarsa aljihu.

Ku saurara da kyau. Da shafin ya ƙi buɗewa ne a wayoyin masunta, da sauƙi, sai su tambayi juna. Amma ya buɗe sumul. Abin da ya daina yi shi ne ɗauko sabon labari. Ya tsaya a kan na jiya, ya rubuta masa kwanan watan yau: teku lafiya lau.

An fitar da gargaɗin iska da safe. Masu sababbin wayoyi suka gani, suka ja kwale-kwalensu tudu. Matano ya duba tasa, ya dubi sama, garau take. Ya ce wa masu zama, "Ragwaye, ku jira ni da tukunya." Ya fita da 'ya'yansa biyu.

Da azahar mutumin nan yana tsaye a Nairobi ana tafa masa. A daidai lokacin teku ta juye.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ruwa ya dawo da gawar kawun da ta ƙaramin ɗansa. Babban har yau ba a gan shi ba.

Aikin a buɗe yake, don haka ba a daɗe ba aka ga hannun da ya kashe gwajin. Abokansa suka karɓe makullin. Masu tafi suka daina ɗaukar wayarsa. Ya je zaman makoki, mahaifiyarsa, ƙanwar Matano, ta dube shi a gaban mutane.

"Ka san aikin nan ya lalace?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake yi. Ka sani?"

"Na sani, Mama."

Ta juya fuskarta bango. Tun ranar bai sake taɓa kwamfuta ba. Yana nan yana yawo a gari, yana magana shi kaɗai.

Ya 'yan uwa, gajiya ba laifi ba ce. Kasa gyara abu ba zunubi ba ne. Da ya ce "na kasa", da ba wanda ya mutu. Zunubinsa shi ne ya ga aibi ya rufe, ya bar mutane suna yi masa addu'a a kan ƙarya. Kuma kada wani ya ce ai kyauta ya bayar. Wanda ya ba ka ruwa kyauta alhali ya san da guba a ciki, kyauta ya yi maka?

Kai makanike da ka ɗaure burki da waya ka ce ya yi, kai magini da ka shafe tsagar bango da fenti, wa zai hau motar nan? Wa zai kwana a ɗakin nan? Ba kai za ka zaɓa ba.

Allah ya ba mu ƙarfin faɗin aibin aikinmu tun kafin ya ci wani. Allah ya jiƙan Matano da 'ya'yansa. Allah ya kiyaye mu da ha'inci, na fili da na ɓoye. Amin.