Wayar da Gwani Ya Tsallake

Akwai wani mai gyaran wayoyin lantarkin mota da kowa ke kira Gwani. Shekara talatin yana sana'ar, kuma ba a banza sunan ya bi shi ba. Motar da ta gagari gareji uku, wurinsa ake jawo ta. Aibinsa ɗaya ne, ba a gyara masa magana.

Yana da wa, malamin makaranta mai ritaya, wanda ya shafe shekara bakwai yana haɗa wata tsohuwar mota a rumfar gidansa. Shi ya sauke injin, ya wanke, ya mayar. Ya cire tsohuwar kwamfutar motar, ya sa irin wadda mutum ke saitawa da laftop. Saura aiki ɗaya ya gama, ciwo ya kwantar da shi. Bai tashi ba.

Gwani ya zauna ya karɓi gaisuwa, ya amsa wa kowa, ya koma gareji. Yana cin abinci, ba ya jin ɗanɗano. Idan ana masa magana, sai ya ji kamar daga wani ɗaki ake yi.

Bayan wata uku, 'yar marigayin ta zo garejin. Ita kaɗai ya haifa. Ma'aikaciya ce a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, kuma sunan kakarta ta ci, shi ya sa Gwani ke ce mata Uwata. Ta ajiye wani kwali a kan tebur.

"Baffa, wannan ne Baba bai kai ga sawa ba. Ina so motar ta hau titi."

Ya buɗe. Sensa ce da ake ɗaurawa a jikin salansa, da ƙaramin akwatin da ke sarrafa ta, da agogo mai nuna lamba. Aikin sensar shi ne ta shinshini hayaƙi, ta gaya wa kwamfuta ko fetur ya yi wa injin yawa ko ya yi kaɗan. Idan lamba ta hau, mai ya yi kaɗan. Idan ta sauka, ya yi yawa. Da abin da ta faɗa kwamfuta ke ƙara mai ko ta rage.

"Aikin awa biyu ne," in ji shi.

Ranar Asabar da hantsi ya je gidan. Rumfar tana nan yadda mai ita ya bar ta, tabaransa a kan bonet, sifanoni a jere bisa girmansu. Matar wansa ta kawo masa ruwa, ta ce, "Sannu da zuwa, ƙanin miji, yau an tuna da mu." Ya ce, "Yawwa." Ta tsaya kaɗan, ta koma ciki.

Ya huda salansa ta sama don kada ruwa ya taru a bakin sensar, ya yi walda, ya ɗaura ta. Ya bi da wayoyi nesa da zafi. Jar waya ya ba ta wuta ta bayan fis, yadda sai an murɗa makulli za ta samu. Farar waya, mai kai saƙo, ya kai ta bakin kwamfuta.

Saura baƙa, wato as, wayar da wuta ke bi ta koma.

Can ƙarƙashin dashbod akwai wata gajeriyar baƙar waya da ta fito daga kwamfutar. An naɗe bakinta da farin tef, an rubuta da biro: as na sensa. Rubutun wansa ne. Kafin mutum ya kai gare ta, sai ya cire kujera ya kwanta rigingine.

Gwani ya daɗe yana kallon rubutun. Bai ji komai ba, sai dai ba ya son ƙara minti goma a rumfar. Ya ga wani noti kusa da hannunsa, ya kankare fenti, ya ɗaure wayar a nan.

Aka tayar da mota, ta ɗauka nan take. 'Yar wansa tana kujerar gefe da laftop a cinya. Ta dubi agogo, ta dubi laftop.

"Baffa, ba su yi daidai ba. Agogo yana cewa sha huɗu da ɗigo tara. Kwamfuta tana ganin sha uku da ɗigo tara."

"Ba komai."

"A wurin aikinmu, idan na'ura biyu suka ba da lamba biyu a jini ɗaya, ba ma fitar da sakamako."

"Wannan mota ce, Uwata, ba jini ba."

"Na ga Baba ya bar wata waya a ƙasa. Ya taɓa ce min dole as ɗin sensa ya fito daga wuri ɗaya da na kwamfuta."

"As as ne. Tun kina rarrafe nake wannan aikin. Babanki malamin makaranta ne."

Bai ɗaga murya ba. Ya faɗa ne kamar mai karanta lambar mota. Ta rufe laftop ɗin, ta ce, "To, Baffa. An gode."

Kwana tara motar tana yawo cikin gari lafiya. A ta goma, da rana tsaka, 'yar wansa ta ɗauki mahaifiyarta suka hau babban titi. A kan wani dogon hawa ta taka mai, injin ya fara wata ƙara kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani. Ƙarfi ya tafi. Hayaƙi ya turnuƙe bayansu.

Ta kira shi. "Baffa, ta tsaya."

Ya zo da motar ja. Ya tarar da su zaune a gefen titi, uwa da 'ya.

A gareji ya tayar da injin na minti ɗaya, yana ɗingishi. Ya sa mita tsakanin notin da ya ɗaure da baƙar wayar wansa. Mita ta nuna bambancin wuta kusan rabin bolt. Wannan ɗan bambancin ya sa kwamfuta ta riƙa ganin mai ya yi yawa, tana ta ragewa, alhali injin ƙishi yake ji. Ya cire fulogi, ya fito fari fat kamar alli. Da aka buɗe kan injin, fistin na uku ya huje, babban yatsa zai shige.

Maƙwabcinsa mai gyaran inji ya leƙa, ya girgiza kai.

"Gwani, ce musu za ka yi gurɓataccen mai suka sha. Wa zai gane?"

Gwani ya juya masa baya. Ya jefa fistin a durom ɗin tarkace, ya wanke hannu da fetur, ya wanke da sabulu, ya tafi gidan.

Matar wansa tana ninke wanki a tsakar gida. 'Yar tana zaune a bakin ƙofa. Bai zauna ba.

"Ni na kashe injin nan. Kin gaya min, ban ji ba. Babanki ma ya rubuta, na karanta, na tsallake."

"Na sani, Baffa."

Uwar ta ci gaba da ninke zani. Can ta ce, "Ka zauna mana. Tsayuwa ba za ta gyara ba."

Aka mayar da motar rumfa, wata biyu ya yi yana zuwa kowace Asabar. Ya sauke injin, ya sa sababbin fistin, ya mayar. A rana ta ƙarshe ya cire kujera, ya kwanta rigingine, ya haɗa baƙar wayar sensa da baƙar wayar wansa. Sannan ya kira ta.

"Zo ki karanta min."

"Sha huɗu da ɗigo bakwai. Nan ma haka."

Ya kunna fitilu, ya kunna fanka, ya taka mai. "Yanzu fa?"

"Tare suke tafiya."

"Kin yarda a fitar da ita?"

"Na yarda."

Ta zagaya unguwa ta dawo, ta kashe motar, ta zauna hannunta a kan sitiyari.

"Lafiya lau take, Baffa. Ina fistin da ya huje ɗin?"

"Yana cikin tarkace. Ba shi da amfani."

"Ina so. Baba ne ya sa shi da hannunsa."

Gwani ya koma gareji. Tarkacen wata biyu ya taru a kai. Ya kifar da durom ɗin, ya durƙusa yana tonawa, ƙarfe yana yankar yatsunsa, maƙwabta suna kallo. Da ya same shi, ya wanke, ya goge, ya naɗe a tsumma mai tsabta, ya kai mata.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta ce an gode. Ya ce ba komai, duk da su biyun sun san da komai.

Darasi: Ƙwarewa ba ta hana mutum kuskure, girman kai ne ke hana shi gyarawa tun abin yana ƙarami. Idan wani ya ce maka lissafi bai yi daidai ba, tsaya ka duba, ko da kai ka girme shi a sana'ar. Kuma idan ka yi ɓarna, faɗi da bakinka, domin ana iya gyara inji, amma ba duk abin da ya lalace ke dawowa ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan sana'a, wataƙila wani yana dab da tsallake tasa wayar.