Tsakuwar Cikin Ragon Sarki Jatau

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta.

Wata tsohuwa ce, sunanta Kyallu. Sana'arta wankin kayan ciki a mahauta. Shekara arba'in tana juya tumbi, tana tatsar hanji, ungulaye ne abokan hirarta. Mijinta Nomau shi ke kiwon ragon sarki.

Sarkin nan, Jatau, bai yarda da kowa ba. In an gaishe shi, ya ce me ake nema. In ba a gaishe shi ba, ya ce me ake ƙullawa. Abu ɗaya yake ƙauna a duniya, farin ragonsa. Don tsoron sammu ya hana a kai shi rafi. Dusa da kanwa, ya ci iya cinsa. Ruwa kuwa sai ɗan abin da sarki ya auna da ludayi, da hannunsa.

Rannan rago ya tsaya zai yi fitsari, ya kasa. Ya yi nishi, ya kasa. Ya durƙusa, ya kasa. A rana ta uku aka yanka shi kafin ya zama mushe. Da aka feɗe, sai ga tsakuwa a cikin mafitsararsa, girman gurjiya.

Sarki ya ce, "Wa ya sa ta?"

Waziri ya ce, "Ɗura masa aka yi ta baki."

Boka ya ce, "Jifa ne, daga nesa."

Sarkin dogarai ya ce, "Ko ta ina ta shiga, Nomau ke tare da shi."

Aka ɗaure Nomau. Aka ce da la'asar za a sare kansa.

Kayan cikin kuwa aka kai wa Kyallu, don ita ke wankewa. Ta zauna tana kuka a kan ƙwarya. Wata tsohuwar ungulu ta matso, ta ce, "Kyallu, hawaye ba ya wanke hanji. Tambayi tagwayen nan, su suka san abin da ya faru."

Kyallu ta ɓare kitse, ta fito da ƙoda biyu, ta ɗora a tafin hannu. Sai suka ɗauki waƙa, murya ƙasa-ƙasa:

"Mu biyu ne a jikin gadon baya,
Jini ya zo mu tace, mai kyau ya koma,
Dauɗa mu kora ta da ruwa,
In babu ruwa, da me za mu kora?"

Kyallu ta share ido, ta ɗauki ƙwarya, sai fada.

Nomau na ɗaure a gindin ginshiƙi. Ya ce, "Ke tsohuwa, har nan ma da ƙarnin naki?"

Ta ce, "Yi shiru, maigida. Wuyan nan naka na aro ne zuwa la'asar."

Ta faɗi ta yi gaisuwa. Sarki ya dube ta a kaikaice, ya ce, "Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Hanya na zo in nuna."

Ta shimfiɗa kayan cikin a kan faifai, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ga hanyar abinci. Maƙoshi, tumbi, hanji, waje. Ga mafitsara can gefe, ita kaɗai. Waziri, Allah ya ja zamaninka, nuna mana ƙofar da ta haɗa su."

Waziri ya naɗe hannun riga. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya juya hanji. Babu ƙofa.

Ta ɗaga wasu jijiyoyi biyu, sirara kamar zaren saƙa. Ta ce, "Daga kowace ƙoda ɗaya ta sauko. Ta nan ruwa ke ɗiga, ya taru a mafitsara, in ta cika ya fita. Sarkin dogarai, kai ne mai ƙarfi, tura mana tsakuwar ta ciki."

Ya tura, ta ƙi. Ya ƙara, ta ƙi. Ya matsa, jijiya ta tsage.

Ta miƙa wa boka tsakuwar, ta ce, "Malam, fasa."

Ya fasa. Sai ga cikinta ninki kan ninki, kamar albasa.

Ta ce, "Mai jifa ba ya zama ya naɗe dutse haka. A ciki ta girma, yau kaɗan, gobe kaɗan, kamar yadda gindin tukunyar kanwa ke yin ɓawo. Ƙoda ta tace, ba ruwan korawa, dauɗa ta kwanta ta daskare, ta toshe mafita."

Sarki ya ce, "To, wa ya hana shi ruwa?"

Waziri ya dubi takalminsa. Boka ya dubi rufin soro. Sarkin dogarai ya dubi Nomau. Kyallu ta san amsar, ta kuma san wuyanta ba na ƙarfe ba ne.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ludayin da ake aunawa da shi ne ƙarami."

Sarki ya ce, "Dama ban yarda da ludayin nan ba. A kamo shi."

Aka kamo ludayi. Aka kwance Nomau, aka ɗaure ludayi da igiyar. Da la'asar hauni, mai sare kawuna, ya raba shi biyu a bakin kasuwa, mutane na kallo, ba wanda ya yi dariya.

Kyallu ta tasa mijinta gaba. A hanya ya ce, "Ragon nan kullum sai ya lashi gumin hannuna. Na ɗauka so ne." Ta ce, "Ƙishirwa ce, maigida."

Zargi ba ya tsare abin da kake so, shaƙe shi yake yi. Mai zargin kowa kuwa, da wuya ya juyo ya dubi hannunsa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. In da ƙarya a ciki, ungulu ce ta gaya mini.