Ƙafa Aka Yanke, Ba Kunne Ba

Jama'ar shafi, na rantse ba za ku yarda da wannan ba, amma ku saurara. Ni da na tsere daga aji uku ma ban taɓa tafka irinta ba, kuma kun san ni.

Akwai wani matashi mai koyon aiki a ofishin walwalar jama'a, ana kiransa Shap-Shap. Saura masa mako ɗaya ya gama gwaji a ba shi takardar aiki. Ƙafarsa ba ta zama wuri guda. Abokansa su zaga gida uku a wuni, shi ya zaga goma, ya dawo yana kaɗa fom: "Ni da ido nake gane matsalar talaka!"

Ranar nan aka tura shi gidan wani tela da ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafa. An shimfiɗa tabarma, ya ƙi zama. Ya tsallake mai gida, ya dubi matarsa.

"Baba yana cin abinci? In an yi magana yana ganewa?"

Tela ya ce, "Ɗana, ƙafa aka yanke, ba kunne ba."

Shap-Shap ya yi dariya, ya rubuta "ba zai iya sana'a ba, a ba shi abinci", ya yi gaba.

Ashe wannan layin ya fitar da tela daga jerin masu samun kayan sana'a. Shi kuwa abin da yake nema ɗaya ne, a sa wa keken ɗinkinsa inji mai lantarki, tunda babu ƙafar takawa.

Kwana uku sai ga shi a ofis, ya hawo bene da sanduna, gumi sharkaf. Shugabar sashe, wadda kowa ke kira Uwar Ofis, ta ba shi kujerarta, ta aika a kira gwanin.

"Karanta masa abin da ka rubuta. Da ƙarfi."

Shap-Shap ya karanta.

Tela ya ce, "Shekara talatin ina ɗinki. Wa ya gaya maka na gaza?"

Shap-Shap sai susar ƙeya.

Uwar Ofis ta jawo sauran fom tara. "Waɗannan fa? Su suka faɗa, ko idonka?"

Ta yage su duka a gabansa, ta miƙa masa sabo.

"Zauna. Shi zai faɗa, kai ka rubuta, ka karanta masa kafin ya sa hannu. Haka za ka koma gida tara. Takardarka kuma sai bayan wata uku."

Tela ya gyara zama ya ce, "To, malamin sauri, fara: ina da hannu biyu."

Darasi: Taimakon da bai tambayi mai shi ba, danniya ce da ta sha ado. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ka zauna ka ji daga bakinsa. Ku tura wa duk mai riƙe da biro a kan rayuwar wani.