Madam Amatullahi da Kunnen Firdausi

Madam Amatullahi malama ce a jardan, lakwal ɗin ƙananan yara, a wata unguwa ta Dakoro. Ta iya aiki, ba zan ci haƙƙinta ba. Amma girman kai, sai ka ce ita ta kawo boko garin. Tunda ta dawo daga horo a Maradi, duk iyayen yara jahilai ne a wurinta. Ni da nake riƙe da ajin da ke jikin nata, bakina har ya gaji da yi mata magana.

A ajinta akwai Firdausi, ƴar shekara huɗu, wadda kunnenta na hagu ke zubar da ruwa a ƙarƙashin hijabi. Madam ba ta sani ba. Ta dai ga a kira yarinya ba ta waiwaya, a yi waƙa ba ta amshi. Sai ta yanke cewa taurin kai ne, ta mayar da ita can ƙarshen tabarma, ta aika a kira uwarta.

Uwar, Ladidi, ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa. To, Firdausi ɗiyar fari ce. Wa bai san uwa ba ta kama sunan ɗan fari ba, balle ta zauna gaban mutane tana ba da labarinsa? Tun yaye ma yarinyar tana hannun kakarta Uwale.

Madam ta ce, "Mi ke damun ɗiyarki?"

Ladidi ta sunkuyar da kai. "Sai dai a tambayi Inna."

"Ke kika haife ta ko Inna?"

Da Ladidi ta tafi, Madam ta ja tsaki ta ce mini, "Kin gani ko? Haihuwar kawai suka iya."

Na ce, "Haba Amatullahi! Alkunya ce, sai ka ce ba a garin nan aka yanke miki cibiya ba. Ki nemi tsohuwar."

"Ban yi karatu don in zauna da tsohuwa mai goro a baki ba."

Tsohuwar ma ba ta jira a neme ta ba. Washegari ta dogaro sandarta ta zo, ta ce, "Ɗiyata, magana gare ni kan ƙawar nan tawa Firdausi."

"Inna, lokacin aiki ne. Kuma uwa ko uba muke gani."

Uban kuwa yana can Azagor da dabbobi, sai damina ta kusa. Sau uku Uwale na zuwa, sau uku ana sallamar ta daga bakin ƙofa. So take ta ce a riƙa yi wa yarinyar magana ta kunnen dama, don na hagun tana ɗiga masa man shanu mai ɗumi bai warke ba tukuna. Abin takaicin, Madam ta koya a horon nan nata cewa kunne mai ruwa likita ake kai shi ba jinkiri. Da ta saurara minti biyar, da an wuce wurin. Ni ma da laifina, ina kallo ban tare tsohuwar na ji ta bakinta ba.

Aka kwashe wata huɗu. Wata safiya Firdausi ta kwanta a aji, jiki zafi rau. Madam ta cire mata hijabi don ta sha iska, sai ga bayan kunne ya kumbura suntum, ga wari. Nan fa idonta ya raina fata. Aka kwashi yarinyar zuwa likita tare da Uwale, daga nan aka tura su Maradi, Madam na biye.

Likita ya duba, ya ce an ceci ranta, amma kunnen hagu ba zai ƙara ji ba. Ya tambayi Uwale tun yaushe abin ya fara.

"Tun girbin gero."

"Kuma ba wanda ya ce ku kawo ta?"

Uwale ba ta ko dubi Madam ba. Ta gyara wa jikarta zane, ta ce, "Na tahi wurin masu ilimi sau ukku, likita. Ban samu shiga ba."

Darasin da ke nan shi ne, malami rabin yaro kawai yake gani, sauran rabin yana gida. Kada ilimi ya sa ka raina wanda ke kwana da yaron yana tashi da shi, ko uwa ce, ko kaka, ko gwaggo. Ka san al'adar gidan, ka gano wa ke da bakin magana, ka shimfiɗa masa tabarma ka saurara. Nadama ba ta mayar wa yaro abin da ya rasa.