Shugaban 'Yan Lambu da Injin Feshi

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi. Magudana ɗaya ce take ɗauko ruwa daga rafin, ta fara ratsa lambunsa, sa'an nan ta gangara ta shayar da na sauran 'yan lambu. Da yake dattijo ne mai tsoron Allah, sai 'yan lambu suka naɗa shi shugabansu. Ya kuwa kafa musu doka, cewa kada kowa ya wanke injin feshin maganin ciyawa a cikin magudanar, gama ruwa ba ya tambaya wane ne ya zuba, kwashewa kawai yake yi ya kai wa na ƙasa. Mai son wanki ya tafi can bayan tudu da gugansa.

Wata rana mutumin nan ya gama feshi da tsakar rana, bayansa kamar zai tsinke. Ya dubi tudu, ya ga ya yi masa nisa, ga ruwa kuma yana gudu a ƙarƙashin ƙafarsa. Kun dai san halinmu 'yan Adam. Ya waiga dama, ya waiga hagu, bai ga kowa ba, sai ya tsuguna ya ɗauraye injin a magudanar, ya tafi gida.

Yana sa loma a baki ya tuna cewa a ranar nan ƙaninsa Dogara ne yake ban ruwa. Lambun Dogara ne na ƙarshe, bai daɗe da dashen tumatir ba. Ambaliya ta riga ta cinye masa hatsin damina, tumatirin nan ne kaɗai abin da iyalinsa suka zuba wa ido. Nan take tuwon ya fita ransa, tsoro ya kama shi ƙwarai.

Maganin ciyawa kuwa ba ya nuna aikinsa ran da aka zuba shi. Saboda haka kowace safiya sai mutumin ya gangara lambun ƙaninsa, ya tsuguna yana juya ganye.

Dogara ya ce, "Yaya, lafiya kake ta dube-dube?"

Ya ce, "Lafiya lau. Tsutsa nake duba maka."

Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as. Ko wani ya ambaci feshi a hira, sai gumi ya karyo masa. Amma kwanaki suka shige, ganye yana nan kore shar, domin abin da ya zuba kaɗan ne, ruwa ya rinjaye shi. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce Allah ya rufa masa asiri, bai kuma faɗa wa kowa ba.

Bayan wannan, wata safiya Dogara ya zo ƙofarsa, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Yaya, zo ka gani." Suka tafi tare. Ga tumatir duk ya nannaɗe, ya yi rawaya daga wannan gefe har wancan. Dogara ya zauna a ƙasa.

Mutumin ya ce a ransa ruwa ba ya tsami banza. Ya kama bin magudanar zuwa sama, cike da fushi, yana neman mai wannan aika-aika. Da ya iso daidai inda ya taɓa tsugunawa, sai ya tarar da maƙwabtansa suna wanke injinansu, ruwan ya yi fari da kumfa.

Ya daka musu tsawa, ya ce, "Wa ya ba ku izini? Kun kashe lambun Dogara!"

Ɗayansu ya miƙe da ladabi, ya ce, "Baba, ai ran nan ina bayan masara na gan ka kana wanke naka a nan. Shi ne na gaya wa sauran, muka ce tun da Baba ya yi, ashe ba ya cutarwa. Tun daga ranar nan muke wankewa."

Mutumin ya waiga, sai ga Dogara tsaye a bayansa, ya ji kome.

Ma'anar wannan misali ita ce, magudanar nan halinka ne, lambunan ƙasa kuwa su ne waɗanda Ubangiji ya sa a hannunka: 'ya'yanka, ƙannenka, sababbin masu bi da suke zaune a bayanka a sujada. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya take sha. Mutumin nan ya ji tsoron abin da ruwa zai kwashe, ya manta da abin da ido zai kwashe, wannan kuwa shi ya fi gudu. Da ya tara su tun ran farko ya ce, "Na yi kuskure, kada kowa ya bi ni," da kunya kaɗai zai sha, Dogara kuwa ya ci tumatirinsa. Ya kai uba, ya ke uwa, ya kai dattijon ikkilisiya, in akwai abin da ka zuba a ɓoye, tuba ka furta shi yau. Kada ka ce ba wanda ya gan ka don ganye yana kore tukuna.