Ƙwaya Biyu Daga Robar Alhaji

An yi wani mutum a yankin Dabawa, ɗan kasuwar hatsi. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma abin da yake ɗauke da shi ya ishe shi. Mu ce masa Alhaji, tunda haka kowa ke kiransa, har uwar da ta haife shi.

Ya 'yan uwa, kun san al'adarmu. Shi ɗan fari ne, saboda haka uwarsa Inna Tani ba ta taɓa kama sunansa ba. Ba ta zama su yi hira. In tana son goro sai ta faɗa wa matarsa Azumi, Azumi ta isar. In ya durƙusa gaishe ta da safe, tana kallon bango take amsawa. Baƙo zai ce ba ta ƙaunarsa. Alhali in ya tafi kasuwar Kurfi ya yi yamma, tsohuwar nan ba ta iya haɗiye loma sai ta ji ƙarar motarsa a ƙofar gida.

Mutum ne mai cika mudu, mai sahun gaba. Aibinsa guda: yana tsoron bakin mutane fiye da yadda yake tsoron komai a duniya.

Shekara shida da suka wuce ya kama rama da zazzaɓi. Aka gwada jininsa a wani asibiti a Dutsin-Ma, aka sami cutar ƙanjamau.

Na ga wasu sun gyara zama. Ku kwantar da hankalinku, ba zan gaya muku ta ina ya same ta ba. Ban sani ba, kuma ba huruminmu ba ne. Cuta ba zunubi ba ce. Zunubin yana gaba, ku dai biyo ni.

Aka ɗora shi a kan magani, ya murmure, ya koma bakin buhunansa. Maganin yana kulle a durowar shago, katin asibiti yana aljihu. Likita ta ce ya kawo iyalinsa a gwada. Ya ce sai an kwana biyu. Kwana biyun nan har yau ba su cika ba.

Sai ciwon ƙafa ya zo. Masu wannan cuta da yawa sun san shi. Tafin ƙafa ya riƙa zafi kamar an taka garwashi, yatsu su mutu, takalmi ya gagara sawa. Alhaji ya kai ga sallar zaune. Mutumin da ke wuni a tsaye yana ciniki ya koma yana cije leɓe a kan benci.

Likitar da ke duba shi, Fauziyya ake ce mata, ta yi watanni tana gwada ƙananan magunguna, ba su yi ba. Daga ƙarshe ta rubuta masa wata farar ƙwaya, dangin tiramol ce amma ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Kafin ta miƙa masa ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Alhaji, wannan amana ce. Ni kaɗai zan riƙa rubuta maka shi. Duk wata ka zo da kwalbar mu ga abin da ya rage, mu ga ko ƙafar ta yi sauƙi a rage maka. Kada ka juye shi a wani mazubi. Ka kulle shi. Kada ka ba kowa ko ƙwaya ɗaya, don abin da jikinka zai saba da shi yana iya tsayar da numfashin wanda bai saba ba. Kuma ka gaya wa mutum ɗaya a gida."

Ya ce, "To, likita."

Ta ce, "Saura ɗaya. In wani ya sha, ka ga barci mai nauyi, numfashi yana ja, a rugo da shi nan. Muna da allurar da ke warware shi cikin 'yan mintuna. Amma sai an faɗa mana abin da ya sha."

Ya sake cewa, "To."

Kun san irin wannan "to" ɗin namu, wanda ke fita daga baki bai biya ta zuciya ba.

Maganin ya yi aiki. Alhaji ya miƙe, ya koma sahu. Sai dai kwalbar tana ɗauke da takardar asibiti, da sunansa, da sunan sashen da ake duba masu cutarsa. Ya dube ta ya ce, in wani ya karanta fa? Sai ya nemi tsohuwar robar farasitamol ya juye a ciki. Ranar komawa asibiti ya mayar cikin kwalba, ya je a ƙirga, a ce madalla. Yana ganin ya yi dabara.

Da kaka ta yi, hatsi ya cika kasuwa, ya so ya wuni a tsaye kamar da. Ya fara ƙara ƙwaya ɗaya, sannan biyu. Likita ta ga giɓi. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce jikinsa ne ya fara sabawa, ba ƙari yake bukata ba, a haɗa masa da wani magani, ya riƙa zuwa duk mako biyu.

Duk mako biyu! A wancan layin? Inda ɗan garinsu zai iya ganinsa? Ya fito yana huci, wai yarinyar da a haife ya haife ta ta mai da shi ɗan ƙwaya.

A Kurfi ya sami wani mai sayar da magani a bayan kasuwa, irin waɗanda ba sa tambayar takarda. Ya sayi irin ƙwayar da yawa. Aljihu ba zai ɗauka ba, shago kuma akwai masu shiga da fita. Sai ya cika robar farasitamol ɗin nan ya ɗora a kan kanta a ɗakinsa, kusa da kwalbar turare.

Ya 'yan uwa, wane gida ne a ƙasar nan farasitamol yake da mai shi? Na miji ne, na mata ne, na maƙwabciya ne in ta aiko.

Ran nan Inna Tani ta wuni tana ɓarar gyaɗa. Bayan azahar gwiwoyinta suka riƙe. Da wani ɗan ne, da ta jira ya dawo ta ce ya sayo mata magani. Amma ba ta roƙon Alhaji komai. Ta kira Azumi ta ce, "Duba mani ko da ɗan maganin ciwon jiki."

Azumi ta shiga ɗakin mijinta, ta ga robar, ta zazzago biyu, ta haɗa da ruwan randa a moɗa. Tsohuwa ta sha, ta sa mata albarka, ta kishingiɗa.

Aka kira la'asar ba ta tashi ba, ita da ladan bai taɓa riga ta ɗaukar buta ba. Azumi ta leƙa ta same ta tana wani irin minshari, leɓenta ya yi duhu. Ta girgiza ta, ba ta motsa ba. Ta kwarma ihu. Rabe, ƙanen Alhaji, ya ɗauke ta zuwa ƙaramin asibitin gari, aka buga wa Alhaji waya.

Ko da ya iso, ɗakin ya cika. Ga Rabe, ga liman, ga maƙwabta sun toshe ƙofa. Malamin asibitin, Zaharaddin, ya buɗe idon tsohuwa ya haska, ya ga baƙin idon ya tsuke kamar kan allura.

Ya ce, "Mi ta sha?"

Azumi ta ce, "Farasitamol biyu na ba ta, daga robar Alhaji."

Zaharaddin ya juya. "Alhaji, ka gafarce ni. Farasitamol ne cikin robar nan? In ƙwaya mai ƙarfi ce, ku ruga Dutsin-Ma, ga ta nan kusa, suna da allurar. In ko ba ita ba ce, to ina tsoron jini ne ya fashe a kai, sai Katsina."

Ku tsaya nan, ya 'yan uwa. Ku dubi mutumin nan.

Ya san abin da ke cikin robar. Maganar likita tana kunnensa kalma kalma. Amma ya ga abin da zai biyo baya: za a tambayi wa ya rubuta masa, a kan wane ciwo. Za a shiga wancan sashen, ma'aikata su gaishe shi da sanayya a gaban liman. Kafin magariba labari ya kai kasuwa. Sai zuciya ta ce masa, biyu ce fa kawai, kai da kake shan huɗu. Barci ne, za ta farka.

Ya ce, "Farasitamol ne."

Zaharaddin ya ce, "Ka tabbata, Alhaji?"

Ya ce, "Malam, ni ne ban san abin da ke ɗakina ba?"

Aka sa ta a mota. Rabe yana tuƙi, Azumi ta riƙe ƙafafunta, Alhaji ya ɗora kanta a cinyarsa. Tun yana goye bai taɓa kusantar uwarsa haka ba. Ya ga furfurarta, ya ga ɓawon gyaɗa maƙale a ɗankwalinta.

Suka iso mararrabar da ke shiga asibitin Dutsin-Ma. Ya buɗe baki. Ya dubi ƙeyar ƙanensa, ya rufe. Mota ta miƙe hanyar Katsina.

Numfashin yana zuwa, ya ɗauke, ya daɗe, ya dawo. Yana ƙirgawa a zuci, yana cewa yanzu za ta farka. Suna wuce Kurfi ya ɗauke, ya jira, bai dawo ba.

A nan ne ya yi ihu. "Rabe, juya! Ba farasitamol ba ne! Ku juya, akwai allura!"

Rabe ya taka burki a gefen hanya. Ya dubi tsohuwa, ya dubi wansa, ya ce, "Yaya, mu juya mu kai wa wa?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na san kwananta ya ƙare, babu mai ƙara wa rai daƙiƙa. Amma kada wani ya fake da ƙaddara. An ba shi amana, an tambaye shi gaskiya har sau biyu, shi ya zaɓi abin da ya faɗa.

Bayan sadakar uku, da gida ya yi shiru, ya kira Azumi ya faɗa mata komai, tun daga gwajin jini. Yana jira ta zabura. Ba ta zabura ba. Ta tashi ta shiga ɗakin marigayiya, ta ɗaga kwanukan jere, ta fito da wata kwalba da kati ta ajiye a gabansa. Irin maganinsa ne na durowar shago. Sunanta ne a jiki.

Ta ce, "Shekara huɗu ke nan. Wurin wanki na tsinci katinka. Inna na kai mawa, ita ta raka ni Kurfi aka gwada ni. Na ce zan yi maka magana, ta ce, 'A'a, ɗiyata. Mutum ne mai kunya, bar shi da mutuncinshi.' Kullum ita ke tuna mani lokacin sha. Kullum tana yi maka addu'a in ta idar da salla. Nan kaɗai na taɓa jin ta kama sunanka."

Alhaji ya kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Cutar na yafe maka tun tuni. Amma da hannuna na ba ta, Alhaji. Har albarka ta sa mani. Ka sa na ba ta da hannuna."

Ta koma gidansu a Birchi, ba ta dawo ba. Rabe ba ya cin abinci kwano ɗaya da shi. Labarin da ya ji tsoro ya kai kasuwa, mutane suka yi kwana biyu suna yi, suka koma cinikinsu. Abin da ya sayar da uwarsa dominsa ke nan, zancen kwana biyu.

Ya koma wurin likita Fauziyya da robar a hannu. Ba ta kore shi ba. Tana rage masa ƙwayar sannu a hankali, yana zuwa duk mako biyu, yana bin layi kowa na gani. Shago kuwa a rufe yake. Da hantsi za ka gan shi a bakin maƙabarta, zaune, ba takalmi.

Ya 'yan uwa, mene ne zunubinsa? Ba cuta ba ce, ba kuma shan maganin ciwo ba. Mai ciwo yana da haƙƙin a sauƙaƙa masa, kuma maganin nan rahama ne in an bi ƙa'idarsa. Zunubinsa cin amana da ƙarya, da fifita idon mutane a kan idon Allah.

Kai da aka rubuta wa irin wannan magani, ka tsaya ga likita ɗaya. In ya daina yi maka aiki, koma ka faɗa, kada ka bi bayan kasuwa. Bar shi a kwalbarsa, ka sa makulli. Ka nemi mutum ɗaya a gidanka ka gaya masa. Wataƙila ma ya riga ya sani, kunyarka yake ji.

Kai mai sayarwa ba takarda, ka sani kana cikin motar nan, ko da ba ka san sunan tsohuwar ba.

Mu kuma da muka gyara zama ɗazu da na ambaci cutar, mu tambayi kanmu. Su wa Alhaji ya ji tsoro a ɗakin nan? Ba mu ba ne? Da bakinmu yana da linzami, da mara lafiya bai juye maganinsa a robar farasitamol ba.

Ya Allah, ka jiƙan Inna Tani, ka sanyaya zuciyar Azumi, ka karɓi tuban bawanka. Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, ka ba masu duba su haƙuri da riƙon amana. Ranar da za a tambaye mu gaskiya, rai yana kan cinyarmu, kada ka bar harshenmu ya yi nauyi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye iyayenmu daga hannunmu. Amin.